Kells (Ceanannas), Ayalan

Kells ƙaramin gari ne a gundumar Meath da ke gabashin Jamhuriyar Ayalan, kimanin kilomita 65 arewa maso yamma da Dublin, kusa da kogin Blackwater wanda ke zubawa cikin kogin Boyne. Mutanensa sun ɗan haura dubu shida. A harshen Irish ana kiransa Ceanannas, kuma daga 1929 zuwa 1993 sunansa a hukumance Ceanannas Mór ne. Duniya ta san garin da Littafin Kells, kwafin Linjila mai zayyana da aka rubuta da hannu wajen shekara ta 800, amma littafin ya bar garin tun ƙarni na 17. Abin da ya saura a Kells shi ne abin da ba ya ɗaukuwa: hasumiya, manyan gicciyen dutse, wani ɗakin ibada, da titunan da har yau suke bin zagayen tsohuwar ganuwar gidan zuhudu.

Kafuwa

Labarin baka na cewa Waliyyi Colmcille, wanda ake kira Columba, shi ya fara samun filin a tsakiyar ƙarni na 6. Abin da rubutattun tarihin Ayalan suka tabbatar ya zo ne bayan haka da shekaru kusan 250. Colmcille ya kafa gidan zuhudu a tsibirin Iona, gefen Sikotilan, a 563. Da maharan Viking suka fara fitowa daga teku, Iona na bakin hanyarsu. Sun ƙone shi a 802, suka dawo a 806 suka kashe mutum 68. 'Yan zuhudun suka nemi wuri nesa da gaɓa, aka ba su Kells, suka fara gini a 807 a ƙarƙashin shugabansu Cellach, aka kammala cocin a 814. Sannu a hankali Kells ya zama hedikwatar duk gidajen zuhudun da ke bin tafarkin Colmcille.

Nisan da suka yi da teku bai tsare su ba. An yi ta kai wa Kells hari a ƙarni na 10, kuma mafi muni shi ne na 951, lokacin da 'yan Viking na Dublin suka yada zango a garin suka wawushe coci-cocin yankin, suka kama mutum dubu uku ko fiye, kamar yadda kundin tarihin Ulster ya rubuta. Sarakunan Ayalan su ma ba su bar wurin ya huta ba.

Littafin Kells

Littafin ya ƙunshi Linjila huɗu, ta Matiyu, Markus, Luka da Yahaya, cikin harshen Latin. Yana da warƙa 340, wato shafi 680, duk na fatar maraƙi, kuma masana sun ƙiyasta cewa an yi amfani da fatun maruƙa kusan 185. Wanda ya saba ganin zayyanar da alarammomi ke yi wa Alƙur'ani rubutun hannu zai gane irin haƙurin da aikin ya ci, sai dai a nan an cusa mutane da dabbobi cikin zanen. A shafin da ya fi shahara, haruffa biyu na farkon sunan Almasihu a Girkanci sun kusa cinye shafin gaba ɗaya, kuma can ƙasa, in an ƙura ido, za a ga kyanwoyi da ɓeraye, da wata dabbar ruwa riƙe da kifi a baki. Rubutun kansa yana da kurakurai da maimaici, abin da ke nuna an yi littafin ne don a ɗora shi a bagadi a gani, ba don karatun yau da kullum ba.

Masana ba su haɗu kan inda aka rubuta shi ba. Da yawa na ganin an fara a Iona aka kawo Kells. Ambatonsa na farko a tarihi labarin sata ne: a 1007 aka sace shi cikin dare daga babban cocin dutse na garin, aka same shi bayan wata biyu da kwana ashirin a ƙarƙashin ƙasa, an ɓalle bangonsa na zinariya. Zinariyar ɓarawon yake so. A ƙarni na 12 an kwafi yarjejeniyoyin filayen gidan zuhudun a wasu shafukan da ba a rubuta komai ba, kuma su ne ƙwaƙƙwarar hujjar cewa littafin yana Kells a lokacin.

A shekarun 1650, lokacin da sojojin Oliver Cromwell, shugaban Ingila da ya mamaye Ayalan, suka sauka a cocin garin, aka aika da littafin Dublin don tsaro. Bishop Henry Jones ya miƙa shi ga Kwalejin Trinity wajen 1661, kuma yana can har yau. A 1953 aka sake ɗinke shi mujalladi huɗu. Mutanen Kells sun sha neman a ba su aron ko da mujalladi ɗaya, amma kwafi kawai ake nunawa a garin.

Hasumiya da gicciye

A harabar cocin St Columba hasumiya mai zagaye take, tsayinta kusan mita 26, hularta ta daɗe da faɗuwa. Yawancin irin waɗannan hasumiyoyi a Ayalan tagogi huɗu gare su a sama, suna kallon kusurwoyi huɗu. Ta Kells biyar gare ta, kowace tana fuskantar ɗaya daga cikin tsoffin hanyoyin shiga gari. Aikinta na asali kaɗa ƙararrawa ne, amma akan fake a cikinta. A 1076 a ciki aka kashe Murchad, ɗan gidan sarautar Meath, kwanaki kaɗan bayan ya hau gadon sarautar Tara, wata tsohuwar sarauta mai daraja a Ayalan.

Kusa da ita akwai gicciyen Patrick da Columba, na ƙarni na 9, mai tsayin mita 3.3, an sassaƙa masa labaran Littafi Mai Tsarki: Adamu da Hauwa'u, Kayinu da Habila, Daniyel a ramin zakuna. Gicciyen yamma ya karye, jikinsa kawai ya rage, na arewa kuwa gindinsa. Wanda ya fi koyar da mai kallo shi ne na gabas, wanda ba a gama ba. An sassaƙa siffar gicciye Almasihu, amma sauran wuraren zane suna nan a matsayin tudun dutse mai kusurwa huɗu da aka bari don a sassaƙa daga baya, kuma ba a komo ba. A jikinsa ake ganin yadda masassaƙan suke tsara aiki mataki-mataki.

Na biyar shi ne gicciyen kasuwa, wanda ya yi ƙarnoni a mahaɗar tsakiyar gari. Ana cewa an rataye 'yan tawaye a jikinsa a 1798. A 1996 wata motar bas ta buge shi, aka ɗauke shi aka gyara, aka kafa shi gaban tsohuwar kotu da Francis Johnston ya tsara a farkon ƙarni na 19, aka yi masa rumfa.

Can sama da cocin kaɗan akwai Gidan Colmcille, ɗakin ibada na wajen ƙarni na 10 ko na 11. Bangonsa da rufinsa duk dutse ne. Tsakanin bakan gizon ciki da rufin mai tsini an bar wani ɗan soro da ake hawa da tsani, wanda ke rage wa bakan nauyi. Dabarar ce ta sa ginin yake tsaye.

Daga Normawa zuwa zamanin masu gidaje

A 1152 aka yi babban taron coci a Kells a gaban Kadinal Paparo, wakilin Fafaroma, inda aka raba Ayalan zuwa lardunan akbishop huɗu: Armagh, Cashel, Dublin da Tuam. Shekara 20 bayan haka Sarkin Ingila Henry na II ya ba Hugh de Lacy, ɗaya daga cikin Normawan da suka shigo Ayalan daga Ingila, ƙasar Meath, Kells ya zama gari mai ganuwa a bakin iyakar yankin da Ingila ke iko da shi. A 1315 Edward Bruce na Sikotilan ya ci rundunar Roger Mortimer a nan, ya ƙone garin. Daga ganuwar, guntun bango da ƙaramar hasumiya ɗaya suka rage. Cocin St Columba na yanzu ginin 1778 ne, hasumiyar ƙararrawarsa da ke tsaye ita kaɗai kuwa an sake gina ta a 1578.

Bayan yaƙin Cromwell filayen Kells suka koma hannun iyalin Taylor, waɗanda kakansu ya yi aikin awon filayen da aka ƙwace. Su suka gina Gidan Headfort a shekarun 1760 zuwa 1770, kuma Robert Adam ya tsara adon ɗakunansa. An mai da gidan makaranta a 1949.

Hasumiyar Lloyd

A kan tudun Lloyd yamma da gari akwai gini mai siffar fitilar jiragen ruwa, mita 30, ga shi teku na da nisan kusan kilomita 40. Thomas Taylour na iyalin Taylor, mai sarautar Earl na farko na Bective, ya gina ta a 1791 don tunawa da mahaifinsa, bisa zanen Henry Aaron Baker. Manyan gari sukan hau ta su kalli sukuwa da farauta. A gindin tudun akwai maƙabartar talakawa, inda aka binne waɗanda suka mutu a gidan gajiyayyu na Kells, har da na zamanin babbar yunwar da cutar dankalin Turawa ta haddasa daga 1845. Kaburburan ba su da suna. Yanzu filin wurin shaƙatawar jama'a ne, kuma ana yin addu'ar tunawa da mamatan a can duk shekara.