Baƙonmu Bafaranshe da wuƙaƙensa: amsar tambayoyin da kuka dame ni da su

Tun da wannan bawan Allah ɗan ƙasar Faransa ya shigo cikinmu, mu masu sha'awar tara wuƙaƙe a nan Bauchi, wayata ba ta huta ba. Tambayoyin iri ɗaya ne, mai yin su ne kawai ke canzawa. To ga amsa nan gaba ɗaya, kowa ya ɗauki tasa.

Wane ne shi, kuma me ya kawo shi Bauchi?

Aiki ne ya kawo shi. Yana tara wuƙa tun yana ƙasarsu, ya ji labarinmu a bakin wani maƙeri, ya nemi a haɗa shi da mu. Abin da ya wuce haka, ku tambaye shi da bakinku.

Yana jin Hausa?

Yana gaisuwa, yana ɗan taɓa ciniki. Ku yi masa magana a hankali, ban da ɗaga murya, ai ba kurma ba ne.

Wace irin wuƙa ce ƙaramar nan mai ƙotar itace da kullum take aljihunsa?

Opinel ce, lamba 8. Wani mutum mai suna Joseph Opinel ne ya fara ƙera ta a 1890, a yankin duwatsu na Savoie da ke Faransa, kuma har yau a can ake yin ta, a garin Chambéry. Tsawon ruwanta santimita 8.5. Ku dubi jikin ruwan za ku ga hoton hannu da kambi a samansa, alamar kamfanin ke nan tun 1909. Zoben ƙarfen da ake murɗawa ya kulle ruwan kuwa a 1955 aka ƙara shi. Ba ta da tsada. A can wuƙar manomi ce da makiyayi, da ita ake yanka burodi da cuku a gona. Saboda haka masu raɗa min cewa ko ta miliyan ce, ku kwantar da hankalinku.

Na ba shi kyautar wuƙa, sai ya miƙo min tsabar kuɗi. Raini ne?

Ba raini ba ne, Alhaji, kada ranka ya ɓaci. Al'adarsu ce. A wurinsu wuƙa tana yanke zumunci idan aka karɓe ta kyauta, sai a ba da ɗan kwabo don ta zama kamar saye aka yi. Karɓi abinka ka yi godiya. In shi ma ya ba ka, ka laluba aljihu.

Ashe Laguiole ɗin da yake yabo akwai ta da arha? Na ga mai hoton ƙudan zuma a hannun wani ɗan koli.

Nan ne nake jin haushi, domin na sha faɗa ba a ji. Laguiole sunan ƙauye ne a yankin Aveyron na kudancin Faransa, ƙasar makiyayan shanu. Tun ƙarni na 19 ake yin wuƙar, kuma wasu tsofaffin suna da tsinken ƙarfe a jiki wanda makiyayi ke huda cikin saniya da shi idan ta ci ɗanyar ciyawa ya kumbura. Duk wanda ya tashi kusa da ruga ya san amfanin wannan. Amma da yake sunan gari ne, shekara da shekaru kowa na buga shi a jikin wuƙarsa, shi ya sa na Sin da na Fakistan suka cika duniya, da ƙudan zumansu da komai. Ƙudan zuma ba shaida ba ce. Nemi sunan maƙerin a jikin ruwan, ka ga ko an rubuta inda aka yi ta. Na gaske daga ƙauyen suke fitowa ko daga Thiers, garin da ake ƙera mafi yawan wuƙaƙen Faransa. Kuma don Allah kada wani ya ɗauki jabu ya kai wa mutumin nan yana neman musaya. Zai gane tun kafin ya buɗe ta, kunyar kuma ta mu duka ce.

Ba zai raina na gida ba?

Ko kusa. Ranar da aka kai shi maƙera, tsugunawa ya yi gaban zugazugi yana kallon yadda ake mayar da ƙarfen sifirin na tsohuwar mota barho. Da aka tsoma jan ƙarfen a ruwa ya yi ƙara, sai ya sa a tambayar masa maƙerin yadda yake gane zafin ya kai, alhali ba shi da ma'auni. Maƙerin ya nuna masa launin ƙarfen da yatsa. Daga nan ya koma juya kuben da baduku ya ɗinka, yana bin saƙar jan fata da kore da farcensa. Ku daina ɓoye askar wanzami da wuƙar mahauta kuna fito masa da ta kanti. Abin da bai taɓa gani ba shi yake son gani.

Yana son tsohuwar wuƙar damtse da na gada a wurin kakana. In sayar masa? Zai iya tafiya da ita gida?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ta danganta da abubuwa da yawa.

Da farko, shekarunta nawa? Dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa a 1979 ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi. Haka nan abin da ke da muhimmancin tarihi kuma aka yi amfani da shi a bikin gargajiya, ko da bai kai wannan shekarun ba. Irin wannan kaya ba a fita da shi waje sai da izinin hukumar, cinikinsa ma ba da kowa doka ta yarda a yi ba. To idan kakanka ya ɗaura wuƙar nan a hawan Sallah a bayan sarki, ko an ce tun zamanin yaƙi take gidanku, ni dai shawarata ka janye hannunka. Idan kuwa ta shekarun baya-bayan nan ce, maƙeri ya yi wa kakan naka don zuwa gona, mai yiwuwa babu matsala. Amma "mai yiwuwa" ba ya fitar da mutum daga hannun jami'in kwastan. Tsatsa da baƙin kube suna sa sabuwa ta yi kama da tsohuwa, kuma jami'in da ya buɗe jaka ba zai tsaya sauraron tarihin gidanku ba. Abin da ya fi, a kai ta ma'aikatan hukumar su duba, su ba da takarda idan ba ta cikin waɗanda aka hana. Gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952, tafiyar kamar awa biyu ce daga nan.

Sai ƙotar. Ka dube ta da kyau. Ƙahon sa ko itace ba laifi. Idan haure ne, magana ta ƙare: tun 1989 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, suka hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasa da ƙasa, Nijeriya da Faransa duk suna ciki. Mu da muke da ragowar giwaye a Yankari bai kamata a ce sai an tuna mana ba. Kuben ma a duba, domin fatar kada ko ta mesa tana iya jawo tambaya. Idan ba ka iya bambanta ƙashi da haure ba, kada ka yi kintace, nemi wanda ya sani.

Ko an samu takarda, wuƙa ba ta shiga jakar hannu a jirgi, sai a babban akwati. A Faransa ma dokarsu ta hana yawo da wuƙa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, hukuncin yana iya kai ɗaurin shekara ɗaya da tarar Yuro 15,000. Wannan ɓangaren ya fi mu sani, a bar masa.

Sannan akwai abin da ba doka ba. Kai kaɗai ka gaje ta? Ka tambayi baffanninka da ƙannenka? Na fi son ka kai wa maƙeri ita ya ƙera irinta sak, baduku ya yi mata kube, a rubuta rasit da kwanan wata da sunan wanda ya yi. Baƙo ya samu abin tafiya da shi, maƙeri ya samu aiki, ta kakanka tana ɗaki. Idan duk da haka ka nace sai ka sayar, to bi ta hukuma tukuna.

Na tsinci wata siririya mai ƙotar ƙarfe a kayan mahaifina, an rubuta Douk-Douk. In nuna masa?

Maza ka nuna masa. Kamfanin Cognet na Thiers ne ke yin ta tun 1929, kuma a ƙasashen Afirka da Faransa ta mulka ta fi samun kasuwa, musamman Aljeriya. In mahaifinka ya yi fatauci ta Nijar ko Chadi, ba abin mamaki ba ne.

Za mu zagaya da shi Wunti da Muda Lawal, mu ɗauki namu mu nuna wa 'yan kasuwa?

A'a. Wane irin tunani ne wannan? A garin da aka sha fama da 'yan sara-suka za ku bi titi da wuƙaƙe a ƙugu, ga Bature a tsakiyarku? Wuƙar tari a gida take zama, cikin akwati, inda yara ba sa kaiwa. Kasuwa a je hannu rabbana, abin da aka saya a naɗe shi a sa a but ɗin mota.

Ya ba ni Opinel, yanzu ta ƙi buɗuwa, ruwan kuma ya yi baƙi. Ta lalace?

Lafiyarta ƙalau. Laimar damina ce ta kumbura itacen. Ƙwanƙwasa gindin ƙotar a kan tebur, ruwan zai ɗago, da hunturu kuma za ta saki da kanta. Baƙin kuwa halin irin ƙarfen ne idan ya taɓa albasa ko lemun tsami. Goge ta ta bushe bayan aiki, ka shafa ɗan mai, kada ka bar ta a kwanon wanke-wanke.

In zai sayi sabuwa a wurina, nawa zan ce masa?

Kuɗin da za ka ce min.