Guguwar teku ta sauya suna, ba mutuwa ta yi ba

Duk lokacin da labari ya zo cewa an cire wata guguwar tekun Atlantika daga sahun hariken, sai ka ga a zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwar Agege da Alaba Rago ana yi wa masu 'yan'uwa a Amurka barka, wai ƙura ta lafa. Wannan kuskure ne, kuma yana iya cin rai.

Cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miami tana duba abu biyu. Na farko gudun iska: daga kilomita 119 a awa ake kiranta hariken, daga 63 zuwa 118 kuma guguwa ce mai suna amma ba ta kai hariken ba. Wannan kowa ya gane shi.

Na biyun ne ke rikita mutane, wato ƙirar guguwar. Hariken tana shan ƙarfi ne daga ruwan teku mai ɗumi, wajen digiri 26 zuwa sama, cikinta da ɗumi, hadari ya kewaye tsakiyarta. Idan ta yi arewa ta hau ruwan sanyi, ɗumin nan ya tafi, sai a ce ta fita daga jinsin guguwar yankin zafi, a sauya sunan jinsinta zuwa "post-tropical". Daga nan hanya biyu ce. Wata hadarinta ya watse, iskarta ta gaza kilomita 63, ta zama ragowa kawai. Wata kuwa ta sami sabon abinci daga karon iska mai sanyi da mai ɗumi, ta ƙara faɗi, ta ci gaba da kaɗawa da ƙarfin hariken. Sabon sunan ƙirarta yake bayyanawa, bai ce komai kan ƙarfinta ba.

Guguwar Sandy ce ta nuna illar wannan. Ranar 29 ga Oktoba, 2012, an sauya mata suna jim kaɗan kafin ta faɗa gaɓar New Jersey, ruwan teku kuma ya malale hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York. Ƙa'idar lokacin ba ta ba da damar ci gaba da gargaɗin hariken bayan sauya suna ba, don haka tun farko ba a fitar wa jihohin nan irin wannan gargaɗi ba. A ganina an fifita daidaiton kimiyya a kan fahimtar talaka. A 2013 aka gyara: yanzu gargaɗin yana iya ci gaba muddin akwai barazana ga rai da dukiya. Guguwar Ophelia ma a 2017 bayan sauya suna ta isa ƙasar Ayalan, ta kashe mutum uku.

Masu tsoron ta juyo Legas su kwantar da hankali. Sau da yawa daga Afirka ta Yamma irin wannan iska ke tashi, kuma yamma take nufa. Mai ɗa a New York ko kaya a jirgin ruwa kuwa, gudun iska da tashin ruwan teku da gargaɗin da ke aiki zai duba, ba sunan ba.