Mai samun yau da gobe, ta yaya zai tsara kuɗinsa?

Abin da nake samu ko cefane ba ya isa. Me zan tsara?

Ƙorafin yana kan hanya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, kuma ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024 bai shafi ɗan adaidaita ko mai ƙosai ba, tunda ba albashi suke ɗauka ba. Tsari ba ya ƙara maka ko sisi, sai dai ya nuna maka inda kuɗin ke zurarewa. Ka yi mako guda kana rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka, har da data, da lemo, da ladan mai POS. Wanda ke cire dubu biyu-biyu sau uku a rana, lada uku ya biya maimakon ɗaya.

Kullum nake samu, kuma ba daidai ba.

To ka ɗora lissafinka a kan ranar da kasuwa ta yi sanyi. Abin da ya hau kai a ranar ciniki, shi ne ajiya. Kuma ka raba uwar kuɗi da riba, ko da a aljihu biyu ne. Mai ƙosan da ke taɓa kuɗin wake tana cefane, wata rana za ta wayi gari ba kaskon ɗorawa.

Adashi ko banki?

Adashi ya fi tilasta mutum, don kunyar uwar adashi kaɗai ta isa ta sa ka zuba. Amma amana ce kawai ke riƙe da shi. Idan ya watse, ba mai biyanka. Kuɗin banki kuwa hukumar NDIC, mai kare kuɗin masu ajiya idan banki ya rushe, na ba shi inshora, tun 2024 har naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan bayar da rance. Mai gudun kuɗin ruwa yana da bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da bankin TAJ.

Ni a ganina, a haɗa biyun. Ka nemi kwasarka ta faɗo da kaka, lokacin da hatsi ke araha, ka sayi gero ko masara ka ajiye. Kuɗin rashin lafiya kuma ya zauna a asusu inda hannunka zai kai da tsakar dare, ba sai ka jira layi ya zo kanka ba.

Biki da suna fa?

Nan ne da yawa ke karyewa, kuma ba a son faɗa. Zumunci ba abin yarwa ba ne, amma ka ware masa kasonsa tun farko. Anko na bashi dai a haƙura da shi.

Wani ya ce zai ninka min kuɗi a wata ɗaya.

Irin wannan alkawarin riba mai tsoka MMM, wani shirin zuba kuɗi na yaudara, ta yi kafin ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, haka takwararta CBEX ta ce kafin ta rushe a Afrilun 2025. Da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko, ranar da sababbi suka daina zuwa kuma shi ke nan. Ka tambaye shi me suke saya, me suke sayarwa, sannan ka duba ko suna da rajista da hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari.