Neman aikin ba iyali shawara: me ya kamata takardar CV ta ƙunsa?

Mai ba iyali shawara yana zama da ma'aurata da suka daina magana da juna, da iyaye da yaron da ya gagare su, da gidan da rasuwa ko rabuwar aure ta girgiza. Wanda zai ɗauki mutum irin wannan aiki yana neman abu biyu a takardarsa: shaidar cewa ya iya, da alamar cewa zai riƙe amana. Ga tambayoyin da masu neman aikin suka fi yi idan sun zauna rubuta CV, wato takardar da ke bayyana karatun mutum da ayyukan da ya yi.

Da me CV ɗin mai ba iyali shawara ya bambanta da na sauran ma'aikata?

Injiniya zai iya nuna gadar da ya gina, ɗan kasuwa ya faɗi ribar da ya kawo. Kai kuwa mafi kyawun aikinka a ɗaki rufe aka yi shi, kuma ba ka da izinin buɗe ƙofar. Saboda haka takardarka tana tafiya ne a kan siririn layi: dole ta faɗi abin da ka yi dalla-dalla, amma kada ta bari a gane ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka amince maka. Mai tantancewa da ya san aikin yana lura da wannan tun daga layin farko.

Me zan fara sakawa a saman takarda?

Cikakken suna, lambar waya, adireshin imel mai kamala, sai matsayinka na aiki. Idan kana da lasisi ko rajista da wata hukumar ƙwararru, a nan za ka rubuta, da sunan hukumar da shekarar da aka ba ka. Kada ka tura shi shafi na biyu, domin a ƙasashe da yawa shi ne abin da ake fara dubawa. A Amurka, alal misali, kowace jiha tana da hukumar da ke ba masu wannan aiki lasisi, ana kuma neman digiri na biyu da sa'o'in aiki a ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Jihar Kalifoniya sa'o'i 3,000 take nema. Idan kana kan hanyar cika irin wannan sharaɗi, faɗi inda ka kai da gaskiya: sa'o'i kaza na kammala, kaza suka rage.

Bayan haka sai jimla biyu ko uku da ke gabatar da kai: shekara nawa ka yi a aikin, da waɗanne irin iyalai, kuma a wane irin wuri, asibiti ne, makaranta, kotun iyali ko ƙungiyar agaji.

Ta yaya zan bayyana aikin da na yi ba tare da na tona asirin kowa ba?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma a nan na fi ganin mutane suna kuskure ta fuska biyu.

Wasu tsoron tona asiri yakan sa su rubuta abin da bai faɗi komai ba: "Na ba iyalai shawara." Wannan jimla kowa zai iya rubuta ta, har wanda bai taɓa zama da iyali ba. Wasu kuma son burgewa yakan ja su su ba da labari: shekarun matar, sana'ar mijin, yawan 'ya'ya, abin da ya haɗa su. Ko ba ka faɗi suna ba, bayanai uku ko huɗu irin waɗannan sun isa wanda ya san gidan ya gane su. Kuma CV takarda ce mai yawo, daga hannu zuwa hannu, daga imel zuwa imel, ba ka san wa zai karanta ta ba.

Hanyar da ta dace ita ce ka yi magana a kan aikin gaba ɗaya. Faɗi yawan iyalan da kake gani a mako, irin matsalolin da suka fi zuwa gabanka, hanyar da ka bi, da waɗanda ka yi aiki tare da su. A matsayin misali, mutum zai iya rubuta: "Ina ganin iyalai 12 zuwa 15 a mako, galibi kan saɓanin ma'aurata da renon yara bayan rabuwar aure, ina tsara shirin zama ga kowane iyali, ina kuma haɗa kai da likitoci da malaman makaranta idan buƙata ta taso." Mai karatu ya ga nauyin aikin da irin sa, babu kuma wanda aka fallasa. Lambobin da za ka saka su zama naka na gaskiya, waɗanda tsohon shugabanka zai iya tabbatarwa idan an kira shi.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya guje masa shi ne ƙirga auren da ya "ceto". Sulhu ba ya hannun mai ba da shawara shi kaɗai, kuma akwai gidan da ake dukan mace ko ake cutar da yaro, inda aikin kirki shi ne a fitar da wanda ake zalunta zuwa inda zai tsira. Wanda ya rubuta cewa ya hana aure kaza mutuwa yana nuna wa mai tantancewa cewa bai fahimci wannan ba. Idan kana son nuna sakamako, ambaci abin da ke hannunka: shirin horar da iyaye da ka kafa, lokacin jiran ganin mai shawara da ka rage, ko sababbin ma'aikatan da ka horar.

Ka kuma nuna ka san dokokin sirri na ƙasar da kake neman aiki. A Amurka dokar HIPAA ta 1996 ce ke kare bayanan lafiyar mutane. Haka nan ka nuna ka san iyakar sirrin, domin a wurare da dama doka ta wajabta wa mai wannan aiki kai rahoto idan ya ga alamar ana cin zarafin yaro.

Yanzu na gama karatu, ban taɓa aikin albashi ba. Me zan rubuta?

Kana da abin rubutawa fiye da yadda kake zato. Horon aiki da ka yi lokacin karatu aiki ne, ka rubuta shi kamar yadda ake rubuta kowane aiki: wurin, watannin, yawan sa'o'in da ka zauna da mutane ido da ido, da sa'o'in da ka yi da mai kula da kai. Aikin sa kai ma yana shiga, kamar layin wayar taimakon gaggawa ko matsugunin mata da yara. A wannan mataki ka sa karatunka a sama, da darussan da suka shafi aikin kai tsaye. Sai dai kada ka kira kanka da muƙamin da ba ka riƙe ba. Idan ɗalibi mai koyon aiki ne kai a lokacin, haka za ka rubuta.

Ya kamata in ambaci mazhabar aikin da nake bi?

Ƙwarai kuwa, in dai ka san ta da gaske. Fannin yana da mazhabobin tunani sanannu. Murray Bowen, wanda ya koyar a Jami'ar Georgetown, ya kalli iyali a matsayin tsari guda, inda damuwar mutum ɗaya ke ratsa sauran har ta gangara daga kakanni zuwa jikoki. Daga wannan tunani ne zana taswirar dangi, wato zanen da ke nuna 'yan gida da alaƙarsu daga kakanni zuwa jikoki, ta samu gindin zama a aikin. Salvador Minuchin, haifaffen Ajantina, ya mai da hankali kan tsarin gida: wa ke da iko, ina iyaka take tsakanin iyaye da 'ya'ya. Sue Johnson kuma, tare da Les Greenberg, ta samar da hanyar da ke duba shaƙuwar zuciya tsakanin ma'aurata a Kanada cikin shekarun 1980.

Ambaton ɗaya ko biyu, tare da inda ka samu horo a kai, yana da nauyi. Jera guda takwas kuwa yana jawo shakka, kuma duk wadda ka rubuta za a iya tambayarka a ranar ganawa yadda za ka yi amfani da ita idan uba ya ƙi buɗe baki a zama na farko.

Halaye irin su haƙuri da iya sauraro fa?

Kowa yana rubuta su, shi ya sa ba sa ƙara komai idan aka jera su kurum. Bari aikin ya nuna su. Wanda ya rubuta cewa ya jagoranci zaman iyayen da suka rasa 'ya'ya na tsawon shekara biyu ba sai ya ce yana da haƙuri ba. Abin da ya cancanci layinsa na musamman shi ne harsunan da kake ji, domin mutum ya fi iya faɗin ciwon zuciyarsa da harshen da ya tashi da shi. Haka ma ƙwarewar yin zama ta bidiyo, da iya rubuta rahoto a manhajar adana bayanai.

Shafi nawa, kuma in sa hoto?

Shafi ɗaya ga sabon shiga, biyu ga mai shekaru a aikin. A fara da aikin baya-bayan nan a gangara zuwa na farko. Hoto ya danganta da ƙasa: a Amurka da Ingila ba a saba sakawa ba, a Jamus kuma an saba. Manyan ma'aikatu da yawa suna amfani da manhaja mai tace takardu kafin mutum ya gani, don haka ka yi amfani da kalmomin da ke cikin sanarwar aikin idan sun dace da kai, ka guji ado da jadawali masu rikitarwa, ka aika a irin fayil ɗin da suka nema.

Akwai shekarun da ban yi aiki ba. In ɓoye su?

Kada ka ɓoye, kada kuma ka ja ranakun wani aiki don su rufe giɓin. Layi ɗaya ya isa: jinyar iyaye, renon yara, ko komawa karatu. Masu ɗaukar ma'aikata a wannan fanni suna bincike sosai saboda za ka zauna da yara da masu rauni. A Ingila akwai binciken tarihin laifi na hukumar DBS da ake yi wa masu irin wannan aiki, kuma kusan ko'ina ana kiran waɗanda ka bayar a matsayin shaidu. Cikin shaidun nan ka tabbata akwai wanda ya taɓa kula da aikinka kai tsaye, ka nemi izininsa kafin ka sa sunansa, ka kuma aika masa da kwafin CV ɗin da sanarwar aikin domin ya san abin da za a tambaye shi.