Tsofaffin zanen barkwanci na mujallar Punch: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaita min

Tambayoyin nan dai su ne kullum, yau wannan ya turo gobe wancan ya turo, har da masu turo hoton takarda a duhu su ce in faɗa musu shekararta. To ga su na haɗa wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya a cikinsu nan zan turo shi.

Wai Punch ɗin nan ita ce jaridar Legas?

A'a. Wannan mujallar barkwanci ce ta Landan, cikakken sunanta Punch, or the London Charivari, ta fara fitowa 17 ga Yuli 1841, mako-mako. Ta rufe a 1992, Mohamed Al-Fayed ya farfaɗo da ita a 1996, ta sake rufewa a 2002. Ba abin da ya haɗa ta da ta Legas sai suna.

Na sayi shafi ɗaya, mai sayarwa ya ce na asali ne. Zanen hannun mai zanen ne ke nan?

Ba shi ba ne. Shafin mujalla ka saya, wanda aka buga dubbai irinsa a wannan makon. A zamanin Sarauniya Biktoriya galibi mai zane yana zana abinsa ne a kan katako, sai mai sassaƙa ya bi layukan ya sassaƙe, da wannan katakon ake shirya bugu, wato zanen hannun ma ya tafi a wurin sassaƙa. Shi ya sa za ka ga "Swain sc" a ƙasan da yawa daga zanukan John Tenniel, ɗaya daga cikin manyan masu zanen Punch, Joseph Swain ne mai sassaƙar, ba shi ya yi zanen ba, ku daina rubuta min cewa kun samu zanen Swain.

Zan yi kuɗi da su?

Ina! Mujallar da ta yi shekara 150 tana fitowa duk mako, ɗakunan karatu da gidajen Ingila sun cika da kundayenta. Idan kuɗi kake nema ka nemi wata sana'a. Abin da ke da tsada shi ne zanen hannu na gaske mai shaidar inda ya fito, kuma ba shi ne a hannunka ba.

In kai shi a yi min laminatin?

Kar ka kuskura. Wallahi wannan tambayar ita ta fi ƙona min rai, saboda yawanci sai an riga an yi ake tambaya. Zafin injin da gam ɗin robar suna kama takardar har abada, ba mai iya cire ta lafiya, ka kashe ta ke nan. Haka salatif, bayan 'yan shekaru zai bar maka tabo ruwan ƙasa wanda ba ya fita. Ka samu fayil, ka sa farar takarda mai kyau tsakanin shafi da shafi, a kwance ba a naɗe ba, a cikin akwati nesa da bango da ƙasa saboda gara da laimar damina. Kar ka rataye shi inda rana ke bugawa. Idan ado kake so a falo, yi sikanin ka buga kwafi ka rataye wannan, na asalin ya zauna a akwati.

Ina da zane da aka yanko, babu kwanan wata, babu lambar shafi. Ya zan gano yaushe aka fara buga shi?

Yawwa, wannan ita ce tambaya. Zauna, don amsar ba gajeriya ba ce, kuma ban yi maka alkawarin za ka gano ba.

Kafin ka taɓa waya, juya takardar ka duba bayanta. Mutane suna manta bayan takarda alhali nan rabin amsar take. Idan akwai rubutu a baya, ɗauki jimla guda mai kalmomin da ba a cika haɗa su ba, ko sunan wani ɗan majalisa, ko wata waƙa da aka yanke rabinta, ka rubuta ta daidai yadda take a Google Books ko Internet Archive ko HathiTrust. Project Gutenberg ma yana da fitowa da yawa na Punch da aka kwafe rubutunsu, kuma binciken rubutu ya fi tafiya daidai a can. Idan ka dace jimlar za ta kai ka fitowar kai tsaye, sai ka duba ɗaya gefen shafin ka ga ko zanenka na nan. Idan kuwa bayan fari ne fes ba komai, abu biyu ne: ko dai babban zanen siyasa na mako ne mai cin shafi guda, wanda a wancan zamanin akan bar bayansa ba bugu, ko kuma daga wani littafin tarin zanuka aka ciro shi, wanda aka buga daga baya. Kuma ba kullum ake iya bambance su da ido ba, sai an gwada girma da irin takarda.

Daga nan sai sa hannu. John Leech wani lokaci yakan zana matsattsaku a cikin kwalba a madadin sunansa, Tenniel yana haɗa J da T wuri ɗaya, Richard Doyle yana ɗora ɗan tsuntsu a kan haruffansa, Charles Keene kuwa C.K. kawai. Wannan ba zai ba ka rana ba amma zai rage maka nisa sosai. Doyle ya bar Punch a 1850, Leech ya rasu a 1864, Tenniel ya shiga a 1850 ya yi ritaya a 1901, Linley Sambourne ya rasu a 1910. Ka ga idan hannun Leech ne ba ruwanka da kundayen 1870 zuwa sama wajen neman fitowar farko. Amma fa ka kula, na ce fitowar farko, domin an ci gaba da sake buga zanukan Leech shekaru da yawa bayan rasuwarsa, tun yana raye ma an fara tattara su a littattafai daga 1854, kuma masu sayarwa da yawa daga irin waɗannan littattafan suke yanka su rubuta maka shekarar da suka ga dama.

Idan ka samu lambar kundi ko da ba shekara, ka huta. Punch tana haɗa kundi biyu a shekara, Janairu zuwa Yuni, sai Yuli zuwa Disamba, kuma kundi na 1 shi ne Yuli zuwa Disamba 1841. Lissafin mai sauƙi ne: cire 1841 daga shekarar, ka ninka biyu, wannan shi ne kundin rabin farko na shekarar, ka ƙara ɗaya ka samu na rabin ƙarshe. Idan lambar kundin ce a hannunka sai ka juya lissafin: raba ta biyu, ka yar da ragowar, ka ƙara 1841, ka samu shekarar. Gwada da 1892, saura 51, ninki biyu 102, to Disamba 1892 tana kundi na 103, kuma a nan za ka tarar da zanen Sambourne na Cecil Rhodes, ɗan mulkin mallakar Ingila, ya buɗe ƙafafu a kan Afirka, ɗaya a Kef da ke can kudu ɗaya a Masar, riƙe da wayar tangaraho, fitowar 10 ga Disamba. Kowane kundi yana da fihirisa, a na zamanin Biktoriya an ware manyan zanuka daban ƙanana daban, sai dai da take ake jera su, kuma taken da ke fihirisa ba lallai ya zama kalmomin da kake gani a ƙarƙashin zanen ba. Wani lokaci dole sai ka bi kundin shafi-shafi. Wata shida ne kawai, ba zai kashe ka ba.

Wurare biyu da mutane ke maƙalewa. Kundayen shekarun farko-farko ba su da kwanan wata a saman kowane shafi kamar na baya, suna da lambar shafi ne kawai, sai ka ƙirga fitowa ka kimanta makon. Sannan akwai Almanack da suke fitarwa na shekara, wanda sau da yawa shafukansa ba sa cikin jerin lambobin kundin, wani mai ɗaurin littafi ya sa shi a gaba wani a baya wani ma ya jefar. Idan ka bincike kundi kaf ba ka ga zanenka ba alhali komai ya nuna shekarar ce, duba can kafin ka yanke ƙauna.

To ko ka same shi a Punch da rana da shafi, abin da ka tabbatar shi ne ranar da Punch ta buga, ba ka tabbatar nan barkwancin ya fara ba. Misalin da kowa ke bayarwa shi ne na George du Maurier, True Humility, 9 ga Nuwamba 1895: ƙaramin limamin coci yana karin kumallo a gidan bishof, bishof ya ce masa kamar ƙwan da aka ba ka ya lalace, shi kuma don ladabi ya ce a'a ranka ya daɗe, wasu ɓangarorinsa lafiya lau suke. Shekara da shekaru ana cewa du Maurier ne ya ƙirƙiro, sai masu bincike suka tono kusan irinsa sak a mujallar Judy, kishiyar Punch, a watan Mayu na wannan shekarar dai. Saboda haka a takardar bayaninka rubuta "ya fito a Punch ranar kaza, kundi kaza, shafi kaza", ka tsaya nan. Kalmar "farko" sai ka duba su Judy da Fun, kuma ko ka duba ɗin ka bar ƙofa a buɗe.

Idan duk ka yi wannan ba ka samu ba, wataƙila ba na Punch ba ne tun asali. Masu zane da yawa sun yi wa mujalla fiye da ɗaya aiki, kuma masu sayarwa suna liƙa sunan Punch a kan duk wani tsohon zanen Ingila saboda shi aka sani.

Ba sai in sa hoton a Google Lens kawai ba?

Sa mana, ba wanda ya hana ka. Zai gane sanannu irin Dropping the Pilot na Tenniel, 29 ga Maris 1890, Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, yana sauka daga jirgin ruwa Sarkin Jamus Wilhelm na biyu yana leƙensa daga sama. Amma shekarar da za ka gani a ƙarƙashin hoto a intanet wani ne ya rubuta, wani ya kwafa, wani ya sake kwafa. Sai ka ga shafin a cikin kundinsa da idonka.

Nawa mai kala ne, ya fi daraja ko?

Idan shafin cikin mujalla ne na ƙarni na 19, baƙi da fari aka buga shi, kalar wani ne ya shafa daga baya don ya sayu. Yana iya yin kyau a ido, ban ce a'a ba, amma a wurin mai tarawa an taɓa shi.

Akwai ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a jikin takardar, ta lalace ke nan?

Kwantar da hankalinki Hajiya, ba ta lalace ba. Tsohuwar takarda haka take yi idan ta sha laima. Kar ki sa mata bilic, kar ki goge da ruwa, ki dai raba ta da danshi. Takardar da ta haura shekara 100 ba za ta yi fari kamar ta fotokwafi ba.

Na samu kundi guda cikakke, in yayyanka in sayar ɗai-ɗai?

Haba malam. Duk wahalar da na bayyana a sama wani ne ya jawo ta da reza, ya raba zane da ranarsa da shafinsa da rubutun da ke bayyana abin da ake yi wa dariya. Zanen siyasa na 1906 a kan Kwango, inda Sambourne ya zana Sarki Leopold na biyu na Beljiyam a matsayin maciji ya nannaɗe mai ɗibar roba, idan ka cire shi daga makonsa wa zai san rigimar da ake ciki a Ingila lokacin? Dama masu ɗaurin kundi sun riga sun cire bango da tallace-tallace a mafi yawansu, shi ya sa fitowa guda mai bangonta, da zanen Doyle ɗin nan da aka yi ta amfani da shi daga 1849 har cikin shekarun 1950, ta fi wuyar samu a kan kundi. Kar ka ƙara ɓarna. Idan kuma ka riga ka sayi yankakke, rubuta abin da ka gano da fensir a wata takarda daban ka ajiye tare, ba da biro a jikinsa ba.

Zan iya sa su a shafina ko a littafina?

Ya danganta da mai zanen. A Birtaniya haƙƙin mallaka yana kaiwa shekara 70 bayan rasuwarsa. Tenniel ya rasu 1914, Sambourne 1910, Bernard Partridge 1945, waɗannan sun fita. E. H. Shepard sai 1976 ya rasu, nasa da saura. Sayen takardar bai ba ka haƙƙin zanen ba.

Ba na gane barkwancin, ni ne da matsala?

Ba kai ba ne. Turawan yanzu ma da yawa ba sa ganewa, dariyar mako guda ce ta mutanen Landan masu hali, a kan ministan da aka manta da yayin tufafin da ya wuce. Wasu kuma za ka gane su sarai su ɓata maka rai, yadda suke zana 'yan Ailan da Indiyawa da baƙar fata ba abin dariya ba ne a wurinmu, kuma ni ban ga dalilin ɓoye su ba, a ajiye su da ranarsu a san abin da ake bugawa a lokacin. Karanta shafin da ke gaba da wanda ke baya, sau da yawa akwai waƙa ko ɗan sharhi da ya yi bayanin zanen.

Za ka duba min nawa idan na turo?

Turo gaba da baya, a haske, da ruler a gefe don in ga girma. Hoton gaba kaɗai ba zan amsa ba.