Jakar kyamara da gilasanta a Accra da Kumasi

Jakar kyamara jaka ce ta goyo mai soso a ciki, wadda aka raba ɗaki-ɗaki don kada kaya ya gogi ɗan'uwansa. Gilashin kyamara, wanda masu sana'ar ke kira lens, shi ne idon da ake ɗaura mata a gaba. Mai ɗaukar hoto don sha'awa, a Nima yake ko Sabon Zango ko Aboabo, gilashi ya kamata ya fara zaɓa, domin kaya ke nuna girman mazubinsu.

Gilasai

Lambar milimita da ke jikin gilashi ita ke faɗin aikinsa: ƙaramar lamba tana kwaso fili mai faɗi, babba tana janyo abin da ke nesa. Yawancin kyamarorin masu koyo suna zuwa da 18-55mm, kuma ya isa aikin rana. Da magariba ne yake gazawa, don idan an kai shi 55mm ƙofar haskensa, wato ramin da haske ke shiga ta cikinsa, ba ta wuce f/5.6, kuma ƙaramar lambar f ita ce ƙofa mai faɗi. Gilashin 50mm f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan, ga araha, ga rashin nauyi. Shi ne na ɗakin amarya da walimar suna, inda ƙwan lantarki ɗaya ke haska mutum ashirin.

Sai dai a kyamara mai ƙaramar sensa (farantin cikinta da ke kama hoton), wato APS-C, ana ninka lambar da 1.5, a Canon da 1.6. Ke nan 50mm zai koma kamar 75 ko 80, a lungun Nima kuwa babu wurin ja da baya. A irin wannan kyamarar 35mm ya fi dacewa. Dogon gilashi kamar 70-300mm na nesa ne: sahun idi a dandalin Black Star, ko giwayen gandun dajin Mole.

Kowane kamfani da irin bakin kyamararsa, wato wurin da ake ɗaura gilashi. Canon ta fito da baki mai suna EF a 1987, RF a 2018; Nikon ta fito da F a 1959, Z a 2018. Tsohon gilashi yana hawa sabuwar kyamara da adafta, sabon ba ya hawa tsohuwa.

Jaka

Lita 15 zuwa 20 tana ɗaukar kyamara ɗaya da gilashi biyu ko uku. Wadda zik ɗinta ke ɓangaren da ke manne da bayan mai ita ta fi tsaro a cunkoson Makola da Kejetia, kuma ƙarama ta fi daɗin ɗorawa a cinya cikin tirotiro. Lallai ta zo da rigar ruwa, saboda damina biyu ake yi a kudancin Gana: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Jakunkunan kamfanonin Lowepro, Manfrotto da Think Tank sanannu ne, amma wasu sukan sayi soson cikin kawai su zura a jakar makaranta, wadda ba ta jan ido.

Fumfuna da ƙura

Babbar ɓarnar gilashi a wannan yanki ba faɗuwa ba ce, laima ce. Danshin iska a Accra da Kumasi yakan haura kashi 70 cikin ɗari a galibin watanni, fumfuna kuma abin da take so ke nan: duhu, ɗumi da iskar da ba ta motsi. Jakar da aka zuge aka tura ƙarƙashin gado ta haɗa ukun. Fumfunar takan fara daga gefen gilashi kamar zaren gizo-gizo, idan ta daɗe sai ta cinye shafen da ke fuskarsa, wanki ba ya mayar da shi. Abin takaici ne mutum ya tara kuɗin shekara ya sayi gilashi, damina ɗaya ta lalata shi. Don haka jaka ta tafiya ce kawai. A gida ana ajiye kaya a robar da murfinta ke rufuwa ruf, tare da ƙullin silika irin wanda ake tsinta a kwalin sabon takalmi, a riƙe danshin tsakanin kashi 40 da 50. Silikar takan ƙoshi da ruwa, sai a busar da ita ko a sauya. Mai sayen gilashi na hannu ya buɗe ƙofar hasken gaba ɗaya, ya haska tocilar waya ta baya, ya leƙa ta gaba kafin ya biya.

Wanda ya fito daga ɗaki mai na'urar sanyi ya bar kyamarar cikin jaka na ɗan lokaci, in ba haka ba raɓa za ta rufe gilashin. Bayan yini a bakin teku, a Labadi ko Jamestown, a goge jikin kyamara da tsumma mai ɗan danshi saboda gishiri.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ce matsalar. Ba a sauya gilashi a fili. Idan ya zama dole, a kifa bakin kyamarar ƙasa. Kafin a goge, a fara hure ƙurar da robar hura iska, domin gogewa da bakin riga kan karce gilashin.