Naɗar murya daban, ɗora murya daban

Tun da darussa suka fara komawa intanet, "naɗar murya" ta cika bakin malamai da masu horar da ma'aikata. A rediyo ma sai ka ji mai gabatar da shiri ya ce wata cibiya "ta naɗi darussa ashirin", alhali nufinsa an haɗa shafukan PowerPoint da bayanin malami har suka zama darasi. Aiki biyu ne aka cusa a kalma ɗaya. Naɗa ita ce kama sautin a ajiye shi. Ɗorawa kuwa ita ce zaunar da sautin a kan shafin da ya dace, a daidai lokacin da ya dace, kuma a nan yawancin darussa suke lalacewa.

Asalin naɗa aikin hannu ne: a naɗe zare, a naɗe igiya, a naɗe tabarma. Ta dace da sauti a zamanin kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Zarensa yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa guda, yana warwarewa daga wannan gefe yana naɗuwa a wancan, har mutum yana kallonsa ta ƴar tagar da ke tsakiya. Idan ya harɗe, a zura biro a ramin a yi ta juyawa. Zaren ya tafi, kalmar ta zauna, ta kuma bar wa mutane tunanin cewa murya abu ne dogo guda ɗaya, a fara daga farko sai an kai ƙarshe. Shi ya sa malami zai danna maɓalli ya yi ta zuba na minti arba'in, in ya yi tuntuɓen harshe a minti na talatin ya goge duka ya sake.

PowerPoint ba haka yake ajiya ba. Kowane shafi da nasa guntun sauti, don haka in bayanin shafi na bakwai ya ɓaci, shi kaɗai za a sake. Sannan ba ya ɗaukar magana a lokacin da shafi ke sauyawa zuwa wani. Wanda ya ci gaba da magana yana danna na gaba, zai tarar an guntule masa ƙarshen jimla da farkon mai bi mata. Maganin abin shi ne shiru na daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin sauyi da bayansa.

Ita naɗar kanta ba ta da wuya in an kiyaye ƴan abubuwa. Makirufo ya kasance santimita 15 zuwa 20 daga baki, a ɗan karkace, don kada iskar harufa irin su b da f da t ta buge shi kai tsaye. Ƴar ragar tace iska ma tana taimakawa. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Ɗaki mai labule da kafet ya fi faffaɗan ɗaki mai tayil, domin amsa-kuwwa tana da wuyar cirewa. Ƙarfin sauti a ma'aunin da manhajar naɗa ke nunawa ya tsaya wajen desibel 6 ƙasa da sifili idan an ɗaga murya, saboda da zarar ya taɓa sifili sai ya fashe, kuma fasasshen sauti yana da wuyar gyaruwa. Mai aiki da manhajar gyara sauti ta Audacity ya bar daƙiƙa biyar na shiru a farko, da shi manhajar za ta gane hayaniyar ɗakin ta rage ta. A yi gyara a WAV, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, sai an gama a fitar da matsattsen fayil na MP3 sau ɗaya tak, don duk lokacin da aka sake matse MP3 sai ingancinsa ya ragu.

Duk wannan naɗa ce kawai, kuma ana iya yin ta tsaf darasin ya fito ba daɗi. Abin da ya fi ban haushi shi ne wanda ya ɗauka ɗora murya tana nufin karanta abin da ke rubuce a shafi. Ido ya fi baki sauri, ɗalibi ya riga ya gama karanta layukan yana jiran malam ya iso. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya daɗe yana gwaji a kan wannan, ya kuma nuna cewa hoto da bayanin baki sun fi amfanar mai koyo a kan hoto da bayanin baki da kuma rubutun da ke maimaita maganar kalma da kalma.

A ɗauki shafi mai zanen zuciya. Rubutun da yake buƙata bai wuce sunayen ɗakunanta huɗu ba. Sauran aikin na murya ne: ta ce "dubi ɗakin ƙasa na hagu, ka ga bangonsa ya fi na dama kauri, saboda shi ke tura jini zuwa dukkan jiki", kibiya kuma ta bayyana daidai kan kalmar "bangonsa". In ta riga maganar da daƙiƙa uku, ɗalibi yana kallon abin da ba a faɗa masa ba tukuna. Don haka ake rubuta abin da za a faɗa tun kafin a kunna makirufo, a sa alama a kan kalmar da za a danna maɓalli idan an iso ta. Kalmomi 140 suna cin kusan minti ɗaya, kuma shafin da bayaninsa ya haura minti biyu gara a raba shi gida biyu.